Na'urar busar da abinci a hannun mai tara naman kazan itace

Na sayi wannan na'ura mai faranti biyar a wani shagon kayan kicin da ke kasuwar Sabon Gari, kuma mai shagon ya ɗauka tumatir ko mangwaro zan busar da ita. Abin da ya kai ni gare ta shi ne naman kazan da ke tsirowa a jikin matattun itatuwa, wanda muke tarawa da damina a dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba, domin nazari da ajiya.

Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san cewa busarwa ce ke raba samfuri mai amfani da shara. Idan aka bar shi da danshi, funfuna za ta cinye shi cikin 'yan kwanaki, idan kuma zafi ya yi yawa, ƙwayoyin halittar da ake son tantancewa a ɗakin gwaji sai su lalace, shi ya sa ake tsayawa wajen digiri 40 zuwa 45. A nan na'urar ta burge ni, domin fankarta tana kaɗa iska mai ɗumi ba tare da ta gasa abin da aka ɗora ba. Siraran nau'o'i kamar Trametes da Schizophyllum sun bushe a dare ɗaya, zoben launukan da ke bayan Trametes kuwa ya fito kamar ranar da aka ɓamɓaro shi daga kututture.

Ganoderma, mai kauri da ƙyalli kamar an shafa masa fenti, shi ne ya ba ni wahala. Tazarar farantan ba ta ɗaukarsa, sai da na yanka shi falle-falle, aka kuma ɗauke wuta cikin dare, na wayi gari cikinsa da sauran laima. Maɓallin zafin ma ba abin dogaro ba ne, domin da na saka ma'aunin zafi a farantin ƙasa na tarar ya zarce abin da aka rubuta, tun daga nan nake sauya wa farantan wuri.

Babban aibinta a wurina shi ne rashin shinge a cikin faranti. Samfurin da ya rabu da takardarsa, mai ɗauke da lamba da kwanan wata da wurin da aka samo shi da bayanin ko ruɓewar itacen fara ce ko ja, ya tashi daga aiki, ga shi iskar fankar tana ɗaga ƙananan takardu. Yanzu kowanne ina sanya shi a buɗaɗɗiyar ambulan, in rubuta lambarsa da fensir.

Ga ɗalibin da ke zaune a Kano, na'urar ta cancanci kuɗinta, muddin ya haɗa da ma'aunin zafi, ya kuma tanadi janareta ko sola kafin ya kunna ta.