Kurmi a kan tsauni: ina ya fi dacewa a kai iyali?

Mai tafiya shi kaɗai ba shi da damuwa. Jaka ɗaya, takalmi mai ƙwari, duk inda rana ta faɗi nan ne masauki. Amma da an ce ga uwargida, ga yara uku, autan bai daɗe da sauka daga goyo ba, ga kuma kaka mai fama da gwiwa, to lissafi ya sauya. Ni da abu biyu nake auna wurin shaƙatawa irin wannan: taku nawa ne daga inda aka ajiye mota zuwa abin kallo, sannan mutum nawa ne za su tsaya tsakanina da wurin suna miƙo hannu.

Bwindi da ke Uganda kowa ya san ta da goggon biri, sai dai ba a barin wanda bai kai shekara 15 ba ya shiga sahun masu bin sawunsu, don haka mai ƙananan yara ya cire ta a lissafi. Monteverde a Kosta Rika akwai gadojin igiya da tsuntsaye na gani na faɗa, amma kusan kowane lungu da ƙofarsa da kuɗin shigarsa. Nyungwe a Ruwanda tana da wata gada mai lilo da ta yi sama da ƙasa kusan mita 70. Kaka ta ga hotonta kawai ta ce a kai kasuwa.

Cameron Highlands a jihar Pahang ta Malesiya ta fi waɗannan kusa da abin da iyali ke nema. Sunan ya samo asali daga William Cameron, wanda ya auna yankin a 1885, kuma tun 1929 kamfanin BOH ke noman shayi a can. Gonakin shayin sun lulluɓe tuddai kore shar, iska mai sanyi, yara su yi ta gudu. A saman dutsen Brinchang akwai kurmin da gansakuka ta rufe itatuwansa, hazo na ratsawa. Illarta ɗaya, cunkoso. Ranakun ƙarshen mako da lokacin hutun makaranta, ɗan tsakanin garuruwan Tanah Rata da Brinchang sai ya cinye maka rabin yini, kana zaune a mota yara suna ta tambayar ko an iso.

Wadda ta kwanta min a rai ita ce Atherton Tablelands, tudun da ke bayan birnin Cairns a jihar Queensland ta Ostareliya. Wani ɓangaren kurminta yana cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1988. Abin da ya sa na fifita ta shi ne kurmin bai nemi ka wahala kafin ka gan shi ba. Kusa da ƙauyen Yungaburra akwai wata ƙatuwar bishiya dangin ceɗiya da ake kira Curtain Fig. Ta fara ne a jikin wata bishiyar, ta shaƙe ta, wadda aka shaƙe ta jingina da maƙwabciyarta, saiwoyin suka zubo ƙasa kamar labule, tsawon mita 15. An shimfiɗa hanyar katako ta zagaye ta, har keken jariri yana bi. Daga mota zuwa gindinta ko minti biyar ba a yi.

Ba nisa da nan akwai tafkuna biyu, Eacham da Barrine, dukansu bakin dutse mai aman wuta ne da ya mutu ruwa ya cika shi. A Eacham ba a yarda da kwalekwale mai inji ba, shi ya sa ruwan yake garau, kana hango kifi da kunkuru daga bakin gaɓa. Hanyar ƙafa da ta zagaye shi kusan kilomita 3 ce, ƙarƙashin inuwa. A karanta allunan gargaɗi kafin a bar yaro ya tsoma ƙafa, domin an san da wani kada irin na ruwan daɗi a ciki. Sai magangarar ruwa ta Millaa Millaa, mai tsayin kusan mita 18, wadda ita ma ba ta da nisa da wurin ajiye mota. Zillie da Ellinjaa, su ma magangarar ruwa ne, suna kan zagayen titi ɗaya da ita. Da asuba ko dab da magariba, a rafin Peterson da ke Yungaburra, mai haƙuri kan ga wata dabba mai baki irin na agwagwa da jela mai faɗi, wadda take yin ƙwai kuma take shayarwa. Duk waɗannan da na lissafa, ba ka buƙatar dillali kafin ka isa.

Inda ake shan wuya shi ne hawan. Titin Gillies yana da kwana 263 cikin kilomita 19, kuma duk yaron da mota ke sa wa jiri zai nuna maka. A tanadi leda, a rage ciye-ciye kafin a tashi, ko a bi ta garin Kuranda, inda ma akwai tsohon jirgin ƙasa da aka gama shimfiɗa layinsa a 1891, yana ratsa ramuka 15 a cikin dutse. A hannun hagu ake tuƙi, kamar a Malesiya. Biza da kuɗin jirgi kuwa, ban ce da sauƙi ba.

Na ambaci dillali, kuma a nan ne bakina yake da tsawo, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wata tafiya da muka shirya, na ci karo da wani shafi mai hotuna masu ɗaukar ido, wai mota da ɗan jagora da masauki duk a kuɗi ɗaya, rabin abin da sauran suke karɓa. Na tura kafin alƙalami. Ranar da muka sauka, lambar a kashe. Masaukin da aka ce an kama mana suka duba littafinsu, ba sunanmu. Muka tsaya da akwatuna a gefen titi ruwa yana dukanmu, uwargida ba ta ce min uffan ba, kuma shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Tun daga ranar nake gane su daga nesa. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum maimakon na kamfani, ka rabu da shi. Duk wanda ya rantse maka cewa lallai yaranka za su ga dabba kaza, maƙaryaci ne, dabbar dawa ba ta karɓar albashi a hannunsa. Haka mai cewa saura gurbi biyu, in ba ka biya yau ba shi ke nan. Gaggawar ta hana ka bincike ce. Yabon da ke ƙarƙashin shafinsu ma a duba kwanan wata, in duk a mako ɗaya aka zubo shi da salon magana iri ɗaya, to hannu ɗaya ne ya rubuta. Hoton masaukin kuma a saka shi a manhajar binciken hotuna, sau da yawa za ka tarar na wani otal ne a wata nahiyar. Mafi muni su ne masu sayar da takardar izinin ganin goggon biri ta bogi, saboda kuɗinta ɗaruruwan daloli ne. A Uganda hukumar kula da namun daji ta ƙasar ce ke bayar da ita, don haka a nemi rasit a tabbatar da shi a wurinta kafin a hau jirgi. Ni yanzu ko ta hannun wa na kama ɗaki, sai na kira otal ɗin da kaina na ji sun karanto min sunana.

Wanda ya zaɓi Atherton ya guji tsakanin Disamba da Afrilu in zai iya, lokacin ne ruwa ya fi yawa, matsattsaku kuma suke cin karensu ba babbaka. Doguwar safa a tusa ƙafar wando a ciki tana rage su. Sannan a ja wa yara kunne kan wani tsiro da ake kira gimpi-gimpi, mai faffaɗan ganye kamar zuciya da gashi-gashi a jiki. Taɓa shi kaɗai kan bar raɗaɗi na makonni, wani lokaci watanni, kuma ya fi son fitowa a gefen hanya inda rana ke ratsowa, daidai tsayin hannun yaro.