Sharhi: Yamaha MG10XU, DBR10 da Shure SM58 a ɗakin gwajin waƙa

A ɗaki mai mita 4 da mita 5, bangon bulo da siminti, ƙasa tayil, na yi aiki da haɗin nan: miksa (na'urar haɗa sautuka) Yamaha MG10XU, sifika DBR10 guda biyu, da makirufo SM58 guda uku. Mawaƙi ɗaya, 'yan amshi biyu, mai fiyano da mai kalangu. Kayan sun wadatar, har sifika ɗaya ta zama rara.

Miksar an rubuta mata layi 10, amma kada lambar ta ruɗe ka. Makirufo huɗu kawai take ɗauka, sauran layukan bibbiyu ne na fiyano ko wayar hannu. Ga ƙungiya irin wannan ya isa, domin kalangu da ganga ba sa buƙatar makirufo a ɗaki ƙarami, su ne ma ke danne kowa. Muryar da miksar take fitarwa garau ce, babu shuuu ko an ɗaga GAIN (maɓallin ƙara ƙarfin sautin da ke shigowa) sosai. Maɓallin HPF yana rage sauti mai kauri da ke ƙasa da 80 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti), kuma a danna shi a kowane layin murya, don yana rage gurnanin taku da na riƙon makirufo. Tana da salon amsa-kuwwa 24 a ciki. A ɗakin tayil kusan ba su da amfani, bango ya riga ya ba ka fiye da abin da kake so. Abin da ya fi burge ni shi ne kafar USB: a jona kwamfuta a naɗi gwajin, sai dai a haɗe yake fita hagu da dama, ba kowace murya daban ba.

Rauninta biyu. Hanyar aika wani haɗin sauti daban ɗaya ce tak, kuma da ita amsa-kuwwar ke aiki, don haka ba za ka ba mawaƙi nasa haɗin daban da na mai fiyano ba. Sannan adaftarta ta musamman ce, idan wuta ta ƙona ta ba a kowane shago ake samu ba. Sitabilaiza dole ne, musamman in da janareta ake aiki.

DBR10 mai amfilifaya ce a ciki, kilo 10.5, kuma kamfanin ya ce tana kai 129 dB (ma'aunin ƙarfin ƙara). Wannan ƙarfin taro ne, ba na ɗaki ba. Guda ɗaya a kwance a ƙasa tana kallon mawaƙa, an mayar da maɓallin D-CONTOUR kan MONITOR, ta fi biyu a kan sanda daɗin ji. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi ɗaya.

Ihun sifika, wato tsuwwar da ke tashi idan sautinta ya koma cikin makirufo, shi ne babbar matsala, kuma yawanci ba laifin kaya ba ne. SM58 ta gaba take ji, bayanta kurma ne, saboda haka gindin makirufo ya kalli sifika. Idan sifikar na bayan mawaƙi, ko ya dunƙule kan makirufon da tafin hannu kamar yadda matasa ke yayi har ta koma jin ko'ina, sai ihu ya tashi. Baki ya matso kusa, yatsa biyu zuwa uku. Wajen saiti, mawaƙi ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, a murɗa GAIN har fitilar PEAK ta fara ƙyaftawa, sai a ɗan sassauta. In har yanzu tana tsuwwa, a rage MID (maɓallin sautin tsakiya) kaɗan a layin. Jabun SM58 sun cika kasuwa, kuma su ne suka fi saurin ihu. In farashi ya yi araha fiye da kima, a bar shi.

Gurnanin da ke fitowa da zarar an jona fiyano galibi na wutar 50 Hz ne, saboda an rarraba kaya a soket daban-daban ko wayar jak ta yi tsawo. A haɗa komai a soket ɗaya mai wayar ƙasa, a ja wayar XLR, irin ta makirufo, daga miksa zuwa sifika. Wajen kunnawa miksa ce farko, sifika ƙarshe. Wajen kashewa a fara da sifika, in ba haka ba ka ji tas ɗin da ke lalata ƙaramar sifikar sama.

Kuɗin sifika ta biyu gara a zuba shi a bango. Kafet mai kauri a ƙasa, labule mai nauyi a taga, da allunan audugar dutse (rock wool, abin shanye sauti) masu kaurin santimita 10 a kusurwoyi da bangon da sifika ke kallo. Kwalin ƙwai da ake mannawa ba ya tare ƙara, maƙwabta za su ji komai, ga shi makamashin gobara. A kula da kunne kuma: 85 dB ana jure shi awa 8, amma kowane ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu, kuma ganga a rufaffen ɗaki tana wuce 100 cikin sauƙi. Lokacin hunturu a riƙa lulluɓe miksar da zane bayan an tashi, ƙura ce ke sa maɓallan murɗawa su fara ƙarar-ƙarar.