Ƙaramin janareta Tiger TG950: ina amfaninsa ya tsaya?

Lambar 950 da ke jikinsa tana ruɗar masu saye. Abin da yake iya ɗauka ba tare da wahala ba bai wuce wat 650 ba, kuma a kan wannan ya kamata a auna shi.

Amfaninsa mafi girma yana cikin wat 200 na farko: ƙwan fitila huɗu masu wat 9, fankar sama mai wat 75, talabijin inci 32 da cajar waya biyu. Gidan da ke cikin duhu da zafin bazara, wannan kaɗai ya biya buƙata. Masana tattalin arziki na cewa gamsuwar mai saye tana raguwa da kowane ƙari, kuma a nan abin a fili yake. Fanka ta farko ita ce ke sa yara barci, ta uku kuwa ƙarin shan mai ce kawai. Haka lissafin awoyi yake. Daga magariba zuwa ƙarfe goma kowace lita ta ci kuɗinta, amma barinsa yana ruri har asuba, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, asara ce.

Dutsen guga da hita sun fi ƙarfinsa. Firji ma kada a gwada, domin lokacin tashi yana jan ninkin wutar da yake ci.

Injin ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, sai an gauraya da fetur: mililita 20 na man 2T a kowace lita ɗaya, wato kusan 80 a tankinsa mai lita huɗu. Yawanci a nan ake lalata shi. Idan man ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, a yi ta jan igiya ya ƙi tashi. Idan ya yi kaɗan, fistin ya ɗau zafi ya cije. Fetur da ya daɗe a ciki kuma yana toshe kafireto, don haka idan za a kashe shi, a rufe famfon mai a bar shi ya mutu da kansa.

Wutarsa tana hawa da sauka, shi ya sa yake ƙona caja. A tayar da shi, a ba shi minti biyu, sannan a jona kaya.

Ga mai aski ko mai cajin waya, ya cancanci kuɗinsa. Wanda buƙatarsa haske da caji ce kawai, ƙaramar sola ta fi masa. Kuma kada a taɓa kunna shi a ɗaki, zaure ko bakin taga, domin hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.