Littafin Tkinter na Alan D. Moore, ra'ayina bayan na gama shi

Masu yawan tambaya wane littafi za su kama su koyi haɗa manhajar kwamfuta mai taga da maɓallai da wurin cike bayani, irin wadda za ka danna ta buɗe a laftof ko ba ka da data, to ni dai wanda na karanta kuma zan iya tsaya masa shi ne Python GUI Programming with Tkinter na Alan D. Moore. Packt ne suka buga shi a 2018, bugu na biyu ya fito a 2021, in za ka saya ka nemi na biyun.

Na san wasu da sun ji Tkinter, wato kayan aikin haɗa taga na yaren kod na Python, za su yatsine fuska wai tsohon yayi ne. Eh tsoho ne, Tk ɗin da ke ƙarƙashinsa John Ousterhout ne ya fitar da shi tun 1991, amma fa yana zuwa tare da Python, in ka sa Python a Windows shi ke nan kana da shi ba sai ka ƙona data wajen sauke wani abu ba, masu Linux irin Ubuntu kuwa sai sun ƙara python3-tk. IDLE ɗin nan da kusan kowa ya fara rubuta kod a ciki ma da shi aka yi. Maganar muni kuwa tun da ttk, wato sabon rukunin maɓallai da akwatuna, ya shigo a Tk 8.5 maɓallan suna ɗaukar kamannin Windows ko Mac ɗin da kake kai, kuma littafin ttk ɗin yake sa ka yi amfani da shi.

Abin da ya sa nake son littafin shi ne manhaja ɗaya tal ake ginawa tun daga farko har ƙarshe. Marubucin ya ƙirƙiro wani kamfanin binciken noma ya sa masa suna ABQ AgriLabs, ma'aikata suna zagaya shuke-shuke suna auna zafi da danshi da haske da tsawon tsiro da yawan fure da 'ya'ya, su rubuta a takarda, sannan a zo a shigar a kwamfuta, kurakurai kuma sun yi yawa, kai ne aka ce ka haɗa musu fom. Kafin ka rubuta layi ɗaya na kod sai ya sa ka saurari masu aikin ka ji me ke damun su, ka rubuta abin da manhajar za ta yi da wanda ba za ta yi ba, ka zana fom ɗin. Wallahi wannan ɓangaren ba na ganin sa a bidiyoyin da ake koyar da kalkuleta cikin minti ashirin, kuma shi ne ainihin aikin da za a biya ka kuɗi a kai, domin mai kemis ko shugaban makarantar kuɗi ko mai shagon kayan gini duk abin da suke so kenan, fom da yaron shago ba zai iya cika shi ba daidai ba.

Babin tantance bayani shi ne zuciyar littafin a wurina. Yana nuna maka yadda akwatin rubutu zai duba kowane harafi tun lokacin da ake danna shi, wato in gurbin lamba ne mutum ya danna harafi ba zai ma fito ba, in gurbin kwanan wata ne sai ya bi tsarin shekara wata rana, in ka bar gurbin da yake dole babu komai ka wuce sai jan rubutu ya fito ya faɗa maka abin da ya rage, kuma fom ɗin ba zai ajiye ba sai an gyara. Ka ɗauki makaranta, malami ya zo shigar da maki yatsa ya zame ya rubuta 850 maimakon 85, in ka sa wa gurbin iyaka daga 0 zuwa 100 nan take zai tsaya, ba sai ranar raba sakamako iyaye sun taru ana neman inda lissafi ya karkace ba. Yadda Tkinter ke yin wannan yana da ɗan murɗiya, sai ka yi wa fankshin ɗinka, wato guntun kod ɗin da zai yi dubawar, register sannan ka miƙa masa wasu alamomi irin %P wanda ke nufin abin da zai kasance a akwatin in aka yarda da harafin, kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya a natse har suka zauna min.

Daga nan sai ya sa ka farfasa dogon fayil ɗinka, mai kula da bayanai daban, mai kula da abin da ido ke gani daban, mai haɗa su daban. A lokacin za ka ga kamar wahala ce kawai ake ba ka tunda manhajar tana aiki, sai can gaba da aka ce a bar ajiya a fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin rubutu mai layuka da Excel ke iya buɗewa, a koma rumbun bayanai na SQL, ka ga ɓangaren bayanan ne ya sha kusan duk canjin, fom ɗin yana nan kusan yadda yake. Kamar mai gini ne da ya sa bututun waya a bango tun kafin filasta.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye mu masu rubuta Hausa. A babin da ya yi maganar sa manhaja ta yi aiki a Windows da Mac da Linux ya ce ka riƙa faɗa wa Python tsarin haruffan da zai ajiye fayil da shi. Kar ka tsallake wurin nan don Allah. Tagar Tkinter tana nuna ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, amma in ka buɗe fayil a Windows ba ka sa encoding='utf-8' ba, ranar da aka shigar da suna irin Ɗanladi ko Ƙofar Mata sai ajiya ta ƙi, saƙon kuskure ya fito, saboda tsohon tsarin haruffan da Python ke komawa kai in ba ka zaɓa ba babu haruffanmu masu lanƙwasa a ciki. Ƙarin da zan yi daga wurina, in da Excel za a riƙa buɗe CSV ɗin ka sa utf-8-sig, in ba haka ba sunayen sai su fito a hargitse.

Ya kuma yi bayanin dalilin da taga ke sanƙarewa. Wani ɓangaren Tkinter da ake kira mainloop ne ke zagayawa yana sauraron danna da motsin linzami, in ka ba shi dogon aiki kamar tura fayil ta intanet, kuma kun san yadda netwok yake yi mana, to ba zai saurari kowa ba sai ya gama, mai amfani ya yi ta danna yana cewa ta lalace. Maganin after da thread da Queue, wato dabarun da ke barin dogon aiki ya gudana taga ba ta tsaya ba, duk ya kawo su. Babin gwaji da unittest da na zana jadawali da Canvas da Matplotlib suna nan su ma, ban daɗe a kansu ba.

Inda ban gamsu ba guda biyu ne zuwa uku. Wajen rumbun bayanai PostgreSQL ya zaɓa, wanda sai ka girka sabar, wato wata manhaja daban da ke riƙe bayanan, ka saita ta, alhali mai shago da kwamfuta ɗaya SQLite ya ishe shi, fayil ɗaya ne kuma yana cikin Python, da na so a ce da shi aka fara. Sannan littafin ba na sabon shiga ba ne ko kaɗan, in ba ka san kilas, wato samfurin da ake ƙera abubuwa da shi a kod, da gado tsakanin kilas ba za ka sha wuya daga babin tantancewa, domin a nan yake haɗa kilas biyu su haifi ɗaya, ka je ka ƙware a wannan tukuna ka dawo. Kuɗinsa da dala ne kuma da yadda canji yake ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi, kod ɗin dai yana shafin GitHub kyauta, amma ni shawarata ka buga shi da hannunka, kwafa da liƙawa ba ya zama a kai. Mai neman haɗa manhajar waya kuma ba nan zai samu ba, wannan na kwamfuta ne zalla.

Babin ƙarshe yana koya maka naɗe manhajar da cx_Freeze ta zama abin da za ka ba mutum a filas ya girka ba tare da ya san Python ba. Ka lura na Windows a kan Windows ake haɗa shi, na Mac a kan Mac, kuma kafin ka kai wa mai shago ka gwada a wata kwamfutar da ba a taɓa sa mata Python ba, ka shigar da suna mai ƙ a ciki ka ga ya ajiye.