Rijistar Amintattu ko Kamfanin Lamuni: Wacce Ta Dace da Ƙungiyarku?

Masu rubuta tsarin aikin ƙungiyoyin agaji suna yawan tambayata wace rijista za su yi a hukumar rijistar kamfanoni ta Najeriya (CAC). Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da hanya biyu, wato rijistar amintattu (Incorporated Trustees) da kamfanin lamuni (Company Limited by Guarantee, wanda membobi ke tsaya masa), kuma gara a zaɓa tun kafin a zauna rubuta kasafi.

Rijistar amintattu ta fi sauƙi da araha. Ku naɗa amintattu aƙalla 2, ku rubuta kundin tsarin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu 2, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Amma a zaɓi mutane masu riƙon amana.

Kamfanin lamuni kuwa sai an nemi amincewar Antoni Janar na Tarayya, abin da kan ja lokaci ya kuma ƙara kuɗin lauya. Membobi za su ɗauki lamunin aƙalla Naira 100,000 a haɗe, wanda za a biya idan kamfanin ya rushe da bashi. Alfanunsa shi ne yana iya kasuwanci, a mayar da ribar cikin aikin, ba a raba wa kowa. Wannan babban abu ne, don tallafin masu ba da gudummawa yana yankewa.

Dukansu sai sun miƙa rahoton shekara-shekara.

Ƙungiyar unguwa, gidauniyar marayu ko kwamitin masallaci masu dogaro da gudummawa, amintattu ta ishe su. Masu shirin buɗe asibiti ko cibiyar koyon sana'a da za ta riƙe kanta, kamfanin lamuni ya fi musu.