PS5 mai faifai ko marar faifai? Amsa ga ƙanenmu na Samaru

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena na Samaru da ya yi tambaya jiya da dare, ka yi haƙuri ban amsa ba a lokacin, caji ne ya ƙare kuma ba wuta. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi ya tara kuɗi zai sayi PS5, na'urar gem ɗin nan ta Sony, ya je shago an nuna mishi kala biyu, mai cin faifai da marar faifai wadda ake ce ma Digital, mai shagon kuma yana ta zuga shi ya ɗauki Digital tunda ta fi sauƙi, wai har zai loda mishi gem goma a kai. Shine yake tambaya wacce ta fi.

Ni mai faifai gare ni a gida, Digital ɗin kuma na daɗe ina bugawa a shagon gem na wani abokina a Sabon Gari, toh duka biyun na taɓa su da hannuna.

Abu na farko ka cire ma ranka cewa wata ta fi wata ƙarfi. Cikinsu ɗaya ne, hoto ɗaya, gudu ɗaya, hannun bugawa ɗaya. Bambancin kawai bakin nan da ake zura faifai. Da Sony suka fito da su a Nuwamba 2020, mai faifai dala 499 ce, Digital 399, wato tazarar dala 100. A ƙarshen 2023 suka kawo siririyar da ake ce ma Slim, ita kuma Digital ɗinta ana iya sayen gidan faifai daban a maƙala mata, dala 80 suka sa shi, kuma sai an haɗa ta da intanet sau ɗaya ranar da aka fara maƙalawa. In ka haɗa kuɗin Slim Digital na lokacin, dala 450, da na gidan faifan, kaga ka wuce 500 ɗin da ake sayar da mai faifai a lokacin. Tsohuwar Digital kuwa, ƙatuwar nan ta 2020, ba a sa mata komai, yadda ka saye ta haka za ku mutu tare. Ka lura da wannan sosai don yawancin na hannu da ke shigowa kasuwanninmu ƙatuwar ce.

Yanzu mu zo kan data, don nan ne ɗan Zariya yake shan wuya. Gem ɗin ball na EA kaɗai ya haura giga 40, GTA V na PS5 ya haura 80, Call of Duty kam in ka sauke shi da tarkacensa sai ya wuce 100. Ka duba nawa ake sayar da giga 100 a layinka ka lissafa, kuma ka tuna a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince ma kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50. Ba ma kuɗin kaɗai ba, sabis ɗin fa? Na taɓa kwana biyu ina sauke gem ɗaya, na ɗora wayar a saman taga don nan ne take kama 4G, ana kashi 70 da wani abu aka ɗauke wuta, na tashi inji, man ya ƙare kafin asuba, washegari na kunna ta taso tana wani gyaran ma'ajiya, wlh sai da gabana ya faɗi. Da faifai kuwa zurawa za ka yi ta kwashe abin da ke ciki, kafin ka ci tuwo ka wanke hannu ka fara bugawa, yawancin gem ɗin labari irin su God of War da Spider-Man ko afdet ba ka yi ba za su tashi.

Wajen ajiya dai ba wadda ta tsira. Ko faifai ka saya sai ta kwafe shi gaba ɗaya a cikinta, kuma dole faifan ya zauna a ciki in za ka buga. Ƙatuwar 825GB aka rubuta amma abin da za ka samu a hannu wajen 667 ne, Slim mai faifai kuma 1TB. Sai dai in wuri ya cika ka goge gem, mai faifai gobe zai mayar kyauta, mai Digital kuma ya sake sayen data.

Amma abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutun ba data ba ne. Ƙanena, faifai kayanka ne, gem ɗin da ka saya a PlayStation Store kuma ba kayanka ba ne, izinin bugawa aka ba ka, lasisi, kuma yana rubuce cikin dogon sharaɗin nan da dukkanmu muke danna amincewa ba mu karanta ba. Faifai in ka gama da shi ka sayar, ko ka yi musaya ka cika ɗan wani abu, ko ka ara ma abokinka na Kongo ya ba ka nashi. Ni akwai faifai ɗaya da ya zaga hannun mutum biyar a cikinmu, kwalin har ya tsage an ɗaure shi da salatif, amma yana aiki. Na Store ba ka sayarwa, ba ka bayarwa, in ka sauke shi kuma bai maka daɗi ba shikenan, don sati biyun da Sony ke bayarwa na mayar da kuɗi sharaɗinsa shi ne ba ka fara saukewa ba. Kuma tun Afrilun 2019 suka hana shaguna sayar da lambobin gem ɗinsu, wato mai Digital kanti ɗaya gare shi a duk duniya, farashin da aka sa shi zai biya, ba tayi ba alfarma.

Kada ka ce zancen fatar baki ne. A Satumba 2023 da EA suka rabu da sunan FIFA suka koma FC 24, sun cire tsofaffin FIFA daga kantunan intanet, wanda ya riga ya saya nashi na nan amma sabon mai saye ba hanya, alhali faifan FIFA 23 har gobe yana kasuwa. Konami ma haka suka janye PES 2021 bayan eFootball da ya gaje shi ya fito, kuma kun san yadda mutanenmu suke da PES. A Disamba 2023 Sony da kansu suka sanar za su goge shirye-shiryen tashar talabijin ta Discovery daga ma'ajiyar mutanen da suka saya da kuɗinsu, sai da aka yi ca a kansu kuma suka sabunta yarjejeniya sannan aka fasa. Abin ya kai jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka a 2024 cewa kantin intanet ba zai rubuta ma mutum saya ba sai ya faɗa mishi ƙarara lasisi ne yake karɓa, Steam, kantin gem na kwamfuta, ma suka fara sa wannan sanarwar wajen biya.

Mu kuma namu ya fi na kowa sarƙaƙiya, don Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen PSN, wato tsarin akawun da intanet na PlayStation. In za ka buɗe akawun sai ka ce kai ɗan Amurka ne ko Ingila ko Afirka ta Kudu, ka sa adireshin garin da ba ka taɓa takawa ba, ka sayi katin kuɗi na ƙasar a hannun 'yan kasuwa a farashin dala na ranar. Ranar da akawun ya samu matsala, ko aka yi maka kutse ko aka rufe shi, da wane bakin za ka yi bayani? Duk gem ɗin da ke ciki sun tafi tare. Mai faifai ko akawun ɗinsa ya mutu ya buɗe sabo, faifansa na nan a hannunsa.

Toh sai batun gem goman da mai shago ya ce zai loda maka. Ka tambaye shi a akawun ɗin wa suke. Abin da suke yi, suna da akawun da aka sayi gem a ciki, sai su shigar da shi a na'urarka su kunna mata rabon gem, su ce kada ka taɓa akawun ɗin, wani ma ya ce kada ka hau intanet kwata-kwata. Sony na'ura ɗaya suka yarda akawun ya yi ma wannan rabon a lokaci guda, su kuma sai su sayar ma mutum da yawa. Ni an yi min a PS4 shekarun baya, ba zan faɗi shagon ba. Wata uku ina jin daɗina, ranar wata Asabar abokai sun taru an sayo tsire za a buga gasa, na kunna sai ga ɗan hoton kwaɗo a gefen kowane gem, guda shida duka a kulle. Na kira mai shagon ya ce in kawo a sake lodawa in ba da kuɗin aiki. Kayan aro dai ba ya rufe katara, na ji a jikina ranar, ƙarshenta ludo muka buga.

Wani zai ce ai sai a fasa ta kawai, wato a karya makullinta, a zuba gem kyauta yadda ake yi ma PS4 mai tsarin 9.00 ko 11.00. Eh ana yi, amma ka san me ka saya: ba afdet, ba PSN, ba buga ball da mutane ta intanet, sabon gem da ke neman sabon tsari kuma sai ka jira, ranar da yaro ya danna afdet bisa kuskure an gama. Ta fuskar doka ma ba wasa ba ne yadda muke ɗauka, Sony sun kai George Hotz kotu a 2011 kan fasa PS3, Nintendo sun sa masu Yuzu, manhajar buga gem ɗinsu a kwamfuta, biyan dala miliyan 2.4 a 2024, mu ma nan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da Buhari ya sa ma hannu a Maris 2023 ta hana karya makullin da mai abu ya sa ma kayansa. Ni abin da ke ba ni dariya, mu ne muke kuka in an kwafi fim ɗin Hausa ana tura shi a waya naira kaɗan, amma in gem ne sai mu ce ai na Turawa ne.

Kada in cika yabon faifai, shi ma yana da nashi. Ƙurar hunturun Zariya ba ta raga ma idon da ke karanta faifai, in ba ka rufe ta da ƙyalle bayan ta huce sai ka fara jin tana gurnani tana tofo shi waje. Yara su karce, aboki ya ara ya ɓata. Sannan wasu faifan yanzu fanko ne, na Call of Duty Modern Warfare II na 2022 abin da ke ciki bai kai mega 100 ba, sauran duk sai ka sauke. Mafi muni The Crew na Ubisoft, gem ɗin mota na 2014 da ba ya tashi sai da intanet, suka kashe sabarsa a ƙarshen Maris 2024, mai faifai da mai saukewa duk suka tashi a tutar babu, daga nan ne ma aka fara gangamin Stop Killing Games da ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Turai. Saboda haka kafin ka sayi faifai ka juya bayan kwalin ka ga ko an rubuta dole sai da intanet. Kuma in za ka sayi ƙarin kaya na cikin gem, ƙasar akawun ɗinka ta dace da ƙasar faifan, in ba haka ba kuɗinka ya tafi.

Digital tana da inda take cin riba gaskiya. Abokina na Sabon Gari ya fi son ta a shago don ba faifan da za a zare a sa a aljihu, yara ba sa taɓa komai sai hannu, kuma shi FC da Mortal Kombat kawai ake bugawa daga safe har dare. In ya sayi gem ɗaya a akawun ɗinsa na kansa yana iya kunna shi a na'ura biyu, ɗaya ba intanet ɗaya da intanet. Store ɗin ma suna yin ragi mai kyau lokaci-lokaci, musamman ƙarshen Nuwamba. In kana da wayifai marar iyaka da sola, kuma kai mutumin gem ɗaya ne shekara guda, ba za ka ji ciwon rashin faifai ba.

Amma ka sani duk wannan mai faifai ma tana yi, tana shiga Store ɗin, tana saukewa, tana karɓar ragin. Ita Digital ce ba ta iya yin na mai faifai. Ga kuma faifan PS4 na hannu da suka cika kasuwa da araha, kusan dukkansu suna tashi a PS5 mai faifai, kai da kake ɗalibi da su za ka fara ma.

Ni dai in kuɗina ne, mai faifai zan ɗauka ko da zan ƙara wata ɗaya ina tari. In kuɗin sun ƙi kai wa, ka ɗauki Slim Digital don ka sa mata gidan faifai daga baya, kada ka yarda da ƙatuwar. In ta hannu ce kuma, kada ka biya sai ka zura faifai ka ga ta karanta, ka haɗa ta da hotspot ɗinka ka shiga PSN da akawun ɗinka a gaban mai shagon don akwai waɗanda Sony suka toshe gaba ɗaya, ka bar ta tana aiki kamar minti 30 ka ji ko fanka na ihu, ka saki sandunan hannun ka ga ko ɗan wasa na tafiya shi kaɗai. In ranar Asabar za ka shiga Sabon Gari ka yi min magana ta gefe, zan taho da faifai biyu mu gwada tare.