Inda na yi wa Corollata inshora a Zariya, da kuɗaɗen da aka so ɗora min

Shekara shida ina miƙa wa wani dillali takardun motata ya sabunta min su gaba ɗaya, ban taɓa buɗe takardar inshorar na karanta ba. Sai a Fabrairun 2025, da 'yan sanda suka fara matsa wa masu mota kan inshora a duk faɗin ƙasa, wani abokin aikina a makarantarmu da ke Samaru ya ce in danna *565*11# a waya in sa lambar motata. Na sa, babu ita. Na sake sawa, babu. Wannan lamba tana duba rumbun NIID ne, inda kamfanonin inshora ke shigar da duk motar da suka yi wa ta gaskiya. Ashe takardar da na biya wa kuɗi ta bogi ce, kuma da ita nake ɗaukar iyalina zuwa Kaduna da Funtuwa. Abin ya ci min rai ƙwarai, domin da na bugi motar wani a Kwangila, daga albashina za a biya.

Washegari na fita nema da kaina.

Na fara da wani ɗan shago a Sabon Gari mai kwamfuta ɗaya da injin buga takarda. Yaron ya ce dubu takwas, minti goma an gama. Ban ko zauna ba. Hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a Najeriya, ita ce ke yanke farashin ƙaramar inshora, wato wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, kuma tun 1 ga Janairun 2023 ta ɗaga shi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida. A Daidaita Sahu 5,000, babur 3,000. Wanda ya sayar maka ƙasa da haka, tambayi kanka daga ina ribarsa za ta fito.

Wuri na biyu ofishi ne sosai a wajen PZ, da na'urar sanyaya ɗaki da kujeru masu taushi. Inshorarsu ta gaskiya ce, ban yi shakka ba. Amma da aka zo lissafi sai 15,000 ta koma 19,500. Wai dubu biyu da ɗari biyar kuɗin aiki, dubu ɗaya na manne takardar da leda, dubu ɗaya kuma na "saurin shigarwa". Na ce a rubuta min kowanne a rasit mai tambarin kamfani. Mutumin ya ce rasit na dubu sha biyar kawai zai nuna, sauran tsakaninmu ne. Ba na ƙyashin mutum ya ci guminsa, kuma da ya ce min "Malam, ga ladan wahalata" da na ba shi da zuciya ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a lulluɓe kuɗin goro da sunan doka. Ban da haka ma, wakili yana da kamashonsa daga kamfani a cikin wannan dubu sha biyar ɗin.

Na ukun shi ne dalilin wannan rubutu. Limamin unguwarmu a Tudun Jukun ne ya yi min kwatancen wata baiwar Allah, wakiliyar wani kamfanin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, mai ɗan ofis a saman bene a Tudun Wada. Ɗaki ɗaya ne, fanka ɗaya, benci ɗaya. Na daɗe da ɗan ƙaiƙayi a zuciyata game da inshora ta fuskar addini, shi ya sa na fara da tambayarta yadda takaful ke aiki. Hajiya ta ajiye biro ta yi min bayani a tsanake: kuɗin da mahalarta ke zubawa gudummawa ce a asusu guda, daga ciki ake biyan wanda tsautsayi ya faɗa wa, kamfani yana ɗaukar ladan wakilci da aka sani tun farko, ba a juya kuɗin a harkar riba, idan kuma an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ta ƙara da cewa, "Malam, kada ka sa ran rarar nan kamar albashi, wata shekarar babu." Wannan maganar ce ta sa na saki jiki da ita.

Daga nan na tambayi cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar har gyaran motarka da sata da gobara. A nan ne ƙarin kuɗi ke ɓuya, kuma a nan ta fi burge ni. Ta yi wa Corollata ƙirar 2008 ƙimar naira miliyan biyar. Ƙa'idar NAICOM ita ce kada kuɗin ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota, ke nan 250,000 a shekara. Sai ta ɗauko farar takarda ta jera abin da ba ya cikin wannan kuɗi. Na'urar bibiyar mota, da kamfani ke so a sa saboda sata, kuɗinta daban. Ambaliya da tarzoma, ta ce in karanta takardar da kyau domin wasu sai an biya ƙari suke ɗauka, kuma wanda ya san yadda ruwa ke cika wasu titunanmu a watan Agusta ba zai raina wannan ba. Sai babban cikinsu, wanda ban taɓa ji ba: duk lokacin da aka yi haɗari, akwai kason da mai mota zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya sa hannu. A tsarin da ta nuna min, dubu hamsin ne ko kashi goma na kuɗin gyara, duk wanda ya fi yawa. Ma'ana idan ɗan acaɓa ya fasa maka danja gyaran ya tsaya dubu arba'in, ko kwabo ba za ka karɓa ba. Ana iya biyan wani ƙari a cire wannan sharaɗi, shi ma ta rubuta min nawa ne.

Na duba takardar, na duba albashina, na ce ƙaramar zan yi. Ba ta matsa min ba. Ta dai tuna min cewa ƙaramar tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan uku, da rauni ko rasa rai, amma ko bamba ba za ta gyara min a tawa motar ba.

Na biya 15,000 cif, ta asusun kamfani, ba nata ba. Rasit ya shigo wayata.

Inda suka gaza shi ne lokaci. Na shafe kusan awa biyu a kan bencin nan saboda intanet na ɗaukewa, ita kaɗai ce kuma ke aikin, ga mutum huɗu a gabana. Hawa benen ma zai wahalar da dattijo. Sannan lambar motata ba ta fito a rumbun ba sai washegari da hantsi, abin da ya hana ni barci mai kyau a daren, ganin abin da ya same ni a baya. Ban kuma gwada su a wajen biyan diyya ba, Allah Ya kiyaye, don haka yabona ya tsaya ne kan saye da bayani.

Da lambar ta fito na kira ta na yi godiya. Ta ce in ajiye kwafin takardar a gida, in ɗauki hotonta a waya, idan kuma wani abu ya faru a hanya in ɗauki hoton motocin biyu tun kafin a matsar da su, in kira ta kafin in yi wa kowa alkawarin biya. Ranar Asabar na kai mata ƙanena da A Daidaita Sahunsa, ya biya dubu biyar ɗinsa, muka sauko.